Dariya a Zamanin Tsanani: Waiwaye Kan Finafinan Barkwanci na Farko

Gabatarwa

Tarihi ya nuna cewa barkwanci ya fi samun kasuwa a lokacin da jama'a suke cikin ƙunci. Manufar wannan maƙala ita ce duba armashi da kuma raunin finafinan barkwanci na Hausa a farkon tasowarsu, tare da kwatanta su da na Jamus, ƙasar da ta taɓa mulkin yankin Mubi kafin Yaƙin Duniya na Farko.

Misalin Jamus

Fim mai magana ya shiga Jamus a 1929, daidai lokacin da tattalin arzikin duniya ya karye. A 1930 kamfanin UFA ya fitar da Die Drei von der Tankstelle, labarin abokai uku da suka tsiyace, suka buɗe gidan mai, sannan dukkansu suka faɗa son mace guda. Jama'a sun yi tururuwa zuwa kallonsa saboda waƙoƙinsa da raharsa, alhali zuwa 1932 marasa aikin yi a ƙasar sun kai kimanin miliyan 6. Raunin irin waɗannan finafinai shi ne yadda talauci yake warwarewa a cikinsu ta hanyar sa'a da aure kawai. Da Hitila ya hau mulki a 1933, aka kori Yahudawan da suka gina sana'ar. Kurt Gerron, wanda ya fito a wannan fim, an kashe shi a sansanin Auschwitz a 1944.

Barkwancin Hausa

A ƙasar Hausa, rediyo da talabijin ne suka share fage. Usman Baba Pategi, tsohon soja, ya shahara da Samanja Mazan Fama a Kaduna, inda ya mayar da Hausar barikin soja abin nishaɗi. Matsin da ya biyo bayan shirin SAP na 1986 ya zo daidai da yaɗuwar kaset ɗin bidiyo, kuma a 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya. Cikin shekarun da suka biyo baya ne Rabilu Musa, wato Ibro, ya zama gagara-badau.

Armashin Ibro ya samo asali ne daga kusancinsa da talaka. Yakan fito a ɗan ƙauye ko mai ƙaramar sana'a, wanda yake kwance wa masu kuɗi da malaman tsibbu zani a kasuwa. Harshensa na kan titi ne, saboda haka mai kallo a Mubi ko Maraɗi yakan ga maƙwabcinsa a cikinsa.

Sai dai raunin ma a bayyane yake. Sau da yawa labari ba shi da ƙashin baya, sauti ba ya fita sosai, kuma akan ari kiɗan wasu, kamar na Awilo Longomba. Abin da ya fi nauyi shi ne mayar da naƙasassu da masu gurɓatacciyar Hausa abin dariya. A gari irin Vimtim, inda Fali ne harshen gida, Hausa kuwa ta kasuwa ce, mai kallo yana iya tarar da cewa karin harshen mahaifiyarsa ake kwaikwayo. Hukuma ma ba ta ƙyale sana'ar ba: an kafa Hukumar Tace Finafinai ta Kano a 2001, kuma a 2008 aka ɗaure Ibro kan fim ɗin Ibro Aloko. Ya rasu a watan Disamba na 2014.

Kammalawa

Hausawa kan ce wasa ba faɗa ba ne, amma wasan da kullum mutum ɗaya ake yi wa dariya a cikinsa yakan bar tabo. Darasin da ɗalibi mai sha'awar rubuta wasan kwaikwayo zai ɗauka daga Balin da Kano shi ne, kafin ya saki barkwanci ya tambayi kansa wa ake yi wa dariya, kuma ko shi ma zai iya darawa idan yana zaune a cikin 'yan kallo.