Amanar Fatake a Hanyar Gwanja

Akwai wani ra'ayi a fagen falsafa da ke cewa nagarta da mugunta ba su da ma'auni guda, wato abin da wata al'umma ta ɗauka daidai wata tana iya ganinsa aibi, kuma babu mai ikon raba gardama a tsakaninsu. Masu adawa da shi sukan ce tushen ɗabi'a yana cikin hulɗar mutum da mutum, domin da zarar biyu sun dogara da juna haƙƙi ya rataya a wuyan kowannensu, ko da harshe da addini sun raba su. Fataucin goro tsakanin Kano da Gwanja a ƙarni na 19 hujja ce mai ƙarfi ga wannan amsa.

Ayarin fatake, waɗanda da yawansu Agalawa ne da Tokarawa da Kambarin Barebari, yakan tashi da kanwa da turkuɗi da jemammun fatu a ƙarƙashin madugu, ya ƙetare Kwara, ya ratsa Borgu, ya yi watanni kafin ya sauka Salaga ta ƙasar Gwanja, inda ake kawo goron da ya fito daga dazuzzukan Asante. Goro kaya ne mai saurin lalacewa. Sai an shimfiɗa shi cikin ganye a huhu, ana kwancewa a hanya ana yayyafa masa ruwa, ana tsince wanda ƙwaro ya taɓa don kada ya ɓata sauran. Mai irin wannan haja ba shi da lokacin jiran shari'a, kuma babu alƙali ɗaya da hukuncinsa ke aiki daga Kano har Salaga.

Abin da ya riƙe cinikin shi ne fatoma, wato mai masaukin da ke sauke baƙo, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan an sayar bashi. Baƙon yakan bar dukiyarsa a hannun wanda bai haɗa dangi da shi ba, kuma fatoman da ya ci amana sau ɗaya labarinsa yakan riga shi isa kowane zango. Ba'asante mai bautar kakanninsa da Bahaushe Musulmi sun saɓa a kan abinci da aure da ibada, amma babu wanda a cikinsu ya ɗauki tauye mudu ko musun bashi a matsayin al'adar da za a yi wa uzuri.

Wajibi ne a faɗi cewa wannan amana tana da iyaka mai ɗaci, domin a wancan zamani Salaga babbar kasuwar bayi ce, kuma mutumin da aka ɗaure aka kai cikinta ba a lissafa shi cikin masu haƙƙi ba, an lissafa shi cikin kaya.

Turawan Ingila sun ci Kumasi, babban birnin Asante, da yaƙi a 1874, sannan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa fatakenta zuwa Kete-Krachi da wasu garuruwa, amma tsarin masauki ya bi su. A unguwar Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916, masanin zamantakewa Abner Cohen ya bayyana a littafinsa na 1969 yadda masu gida Hausawa ke sayar wa mahauta Yarbawa shanun fatake bashi ba tare da takarda ba, kuma idan mahauci ya gaza biya, mai gidan ne ke da alhakin fitar wa baƙonsa kuɗinsa.