Funon: Inda Aka Haƙa Tagulla, Aka Gwada Bangaskiya

A Littafin Ƙidaya sura 33 mun ga sunan Funon cikin wuraren da Isra'ilawa suka yi zango. Masana da yawa sun yarda shi ne Fainan na yau, a kudancin ƙasar Jodan, cikin tsohuwar ƙasar Edom. Wurin ya yi suna saboda jan ƙarfe, wanda Littafi Mai Tsarki ke kira tagulla.

Yaya ƙarfen ya shiga dutse? Masana duwatsu sun ce fiye da shekara miliyan 500 da suka wuce, teku marar zurfi ya rufe wannan yanki. Ruwa ya wanko jan ƙarfe daga tsofaffin duwatsu, ya kwanta cikin laka a gindin tekun, lakar ta daskare ta zama dutse. Daga baya ruwan ƙarƙashin ƙasa ya narkar da wani sashe, ya kai shi cikin tsaguna, inda ya zama kore da shuɗi. Sa'an nan ƙasa ta tsage ta kwarin Araba, gefen gabas ya gusa arewa wajen kilomita 100. Shi ya sa duwatsun Fainan da na Timna a Isra'ila iri ɗaya ne, domin dā a haɗe suke.

Binciken da aka wallafa a 2008 ya nuna ana narka tagulla mai yawa a yankin a ƙarni na 10 kafin haihuwar Almasihu, zamanin da ake lissafa wa Dawuda da Sulemanu. Da gawayi da zugazugi suke aikin.

A zamanin Romawa ramukan suka zama kurkuku. Yusibiyus, marubucin tarihin ikkilisiya, ya ce ana ƙwaƙule wa masu bi ido ɗaya, a gurgunta musu ƙafa, a tura su haƙa. Duk da haka sun gina wuraren sujada a can. Wajen shekara ta 310 aka fille kan Silbanus, bishof na Gaza, tare da mutum 39.

Mu ma da muke 'yan kaɗan a garuruwanmu, kada mu karai. Maƙeri ba ya barin tama cikin wuta don ya hallaka ta, sai don ya raba ƙarfe da datti. Ubangiji ya riƙe mu har ƙarshe. Amin.