Ingancin Gwaji da Rigakafin Sankarar Jinin Kyanwa a Yanayin Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bitar abin da aka tabbatar game da gwajin cutar sankarar jinin kyanwa da allurar rigakafinta, ta kuma auna shi da yanayin ƙananan hukumomi huɗu na arewa maso yammacin Jihar Jigawa. Matsayinta shi ne gwajin gaggawa guda ɗaya bai isa a yanke wa kyanwa hukunci ba, musamman wadda ba ta nuna alamar ciwo.

Gabatarwa

A shekarar 1964 William Jarrett da abokan aikinsa a Jami'ar Glasgow ta Biritaniya suka gano bairos ɗin da ke haddasa cutar sankarar jinin kyanwa, wanda ake kira FeLV. Yana raunana garkuwar jiki, yana jawo ƙarancin jini da sankara, amma ba ya kama mutum. Ta yawu ya fi yaɗuwa, wato lasar juna, cizo da ci a kwano ɗaya, sai kuma uwa ta ba 'ya'yanta tun suna ciki ko ta nono. Kyanwar wannan yanki ba ta ɗaki ba ce. Ana barinta ne don ɓerayen rumbu da na shago, tana tsallake katanga daga wannan gida zuwa wancan, ta tarar da 'yan uwanta a kan sauran tuwon dare, muzurai kuma su kwana suna faɗa. Hanyoyin yaɗuwar duk a buɗe suke.

Gwaji da iyakarsa

Gwajin gaggawa furotin ɗin bairos mai suna p27 yake nema a cikin ɗigon jini, sakamako kuma yana fita cikin mintuna kaɗan. Sai dai ba kowace kyanwa da ta haɗu da bairos ɗin ke bin hanya ɗaya ba. Wata jikinta kan murƙushe shi tun da wuri. Wata yakan ɓuya a ƙwayoyin halittarta, p27 ya ɓace daga jini, sai gwajin PCR ne zai gano shi. Wadda ya yi wa kanta a ɓargo ita ce ke ci gaba da zuba shi a yawu, kuma galibi ba ta yin tsawon rai. Haka nan p27 kan ɗauki kamar kwana 30 kafin ya bayyana, don haka magen da aka ciza makon jiya za ta iya fitowa ba ta da komai alhali tana ɗauke da shi.

Babbar matsalar ta lissafi ce. A ɗauka, don misali kawai, cewa cikin kyanwoyi 1,000 guda 20 ne ke da cutar, kuma gwajin yana daidai sau 98 cikin 100 ta kowane ɓangare. Zai kama kusan duka 20 ɗin, amma cikin 980 masu lafiya zai yi wa kusan 20 ƙazafi. Rabin waɗanda aka ce suna da cutar ke nan ba su da ita, ba tare da kayan gwajin sun lalace ba. In kuwa kyanwar ta rame, dasashinta ya yi fari, tana yawan zazzaɓi, sakamakon ya fi zama abin dogaro, domin cutar ta fi yawa a cikin irinta. Shi ya sa ƙa'idar da ƙungiyar likitocin kyanwa ta Amurka ta fitar a 2020 ta nemi a sake tabbatar da sakamako, ta kuma hana kashe kyanwa saboda shi kaɗai. Tabbatarwa da PCR aikin babban ɗakin gwaji ne, wanda ke nufin a aika jini nesa cikin ƙanƙara.

Ga kuma zafi. Yawancin waɗannan kayan gwaji ba a son ajiyarsu ta wuce digiri 30, alhali a watan Afrilu zafin Babura da Gwiwa kan haura 40. Kwalin da ya yini a but ɗin mota daga Kano ba abin amincewa ba ne, ko da wa'adinsa bai ƙare ba.

Rigakafi

Allurar farko ta shiga kasuwar Amurka a 1985. Ana yin ta sau biyu, daga mako 8 da haihuwa, da tazarar mako 3 zuwa 4, a ƙara wata bayan shekara. Tana rage haɗarin cutar ta yi kanta a jiki, amma kariyarta ba cikakkiya ba ce, kuma ba ta warkar da wadda ta riga ta kamu. Saboda haka gwaji ne gaba. Ba ta kuma sa gwajin p27 ya nuna cuta. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom ta fi shahara da alluran shanu, awaki, tumaki, kaji da haukan kare, ita kuwa allurar FeLV daga waje ake shigo da ita, kuma dole ta zauna tsakanin digiri 2 da 8 tun daga kamfani har sirinji. Inda wuta ba ta tsayawa, firiji mai aiki da hasken rana ne kawai zai riƙe wannan sharaɗi.

Tun 1991 aka lura a Jami'ar Pennsylvania cewa jifa-jifa ƙari kan fito a gurbin allura a jikin kyanwa. Saboda haka ake yin ta FeLV can ƙasa a ƙafar baya ta hagu, inda za a iya yi wa ƙarin aiki in ya fito. Kumburin da ya kai wata 3 bai sace ba, ko wanda faɗinsa ya wuce santimita 2, sai a kai wa likitan dabbobi ya ɗebi tsoka a duba.