Yadda Kiɗan Zamani Ya Shiga Aji: Tarihin Berklee

Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, manyan makarantun kiɗa na Turai da Amurka galibinsu ba sa koyar da komai sai kiɗan gargajiyar Turawa, irin na su Bach da Beethoven. Mai son jaz kuwa sai dai ya bi wani ubangida zuwa gidajen rawa, yana kallon hannunsa kowane dare har ya iya.

A 1945 ne wani makaɗin fiyano, Lawrence Berk, ya buɗe 'yar ƙaramar makaranta a Boston mai suna Schillinger House, don girmama malaminsa Joseph Schillinger. Burinsa shi ne koyar da kiɗan da ake ji a rediyo da silima, wanda mutum zai ci abinci da shi. Don haka ya ɗauko malamai daga cikin makaɗan da ke cikin sana'ar. Ya kuma taki sa'a, domin a lokacin gwamnatin Amurka na biya wa tsofaffin sojoji kuɗin karatu, suka yi ta tururuwa zuwa makarantar. A 1951 makaɗi Quincy Jones ya shigo yana matashi.

A 1954 makarantar ta koma Berklee, daga sunan Lee Berk, ɗan Lawrence Berk. Ta karɓi jita a matsayin babban kayan kiɗan ɗalibi a 1962, ta yaye masu digirin farko a 1966, ta zama kwaleji a 1970.

Daga nan darussa suka riƙa bin sawun kasuwa. Ana nuna wa ɗalibi guntun fim babu sauti, a ce ya tsara kiɗan da zai dace da kowane motsi. Wani yana situdiyo gaban na'ura, yana ɗaga murya yana sassauta ganga. Wani yana koyon karanta kwantiragi da haƙƙin mallaka, inda aka sha cutar mawaƙa. Afirka ma ta amfana: Mulatu Astatke na Habasha da Tiwa Savage ta Najeriya duk sun yi karatu a can.

Digiri ba ya ba kowa baiwa, amma abin da Berk ya hango ya tabbata: mai baiwar da ya san aikin situdiyo, ya kuma san abin da yake sa wa hannu, shi ke cin guminsa.