Jiragen Yaƙin da Ke Ajiye a Umuahia

Yawancinmu mun ji labarin yaƙin basasa ne daga bakin tsofaffin sojoji, masu ce masa yaƙin Ojukwu. Labarinsu na ƙasa ne: ramuka, ƙungurmin daji, ruwan sama da yunwa. Wanda ke son labarin sama sai ya je Umuahia ta Jihar Abiya, inda aka buɗe Gidan Tarihin Yaƙi na Ƙasa a 1985, a wurin da rediyon Biyafara ta taɓa watsa shiri daga ƙarƙashin ƙasa.

A filin gidan akwai jirage biyu ƙirar Tarayyar Sobiyet: MiG-17 da Ilyushin 28 mai jefa bom. Lokacin da yaƙi ya ɓarke ranar 6 ga Yuli 1967, rundunar sojan samanmu shekararta uku kacal da kafuwa, ba ta da jirgin faɗa na kirki. Birtaniya da Amurka suka ƙi sayar wa gwamnatin Gowon jiragen yaƙi, sai ta juya ga Mosko. A watan Agustan shekarar aka sauke jiragen MiG na farko a filin jirgin saman Kano, aka harhaɗa su. Da yake matuƙanmu ba su ƙware a kansu ba tukuna, 'yan Masar ne suka fara tuƙa da yawansu.

Akwai kuma wani ɗan mitsitsin jirgi mai kujera biyu, MFI-9, wanda aka ƙera a Suwidin don koyon tuƙi. Wani matuƙi ɗan ƙasar, Carl Gustaf von Rosen, wanda ya riƙa kai abincin agaji Biyafara, shi ya kawo guda biyar ta Gabon, aka rataya wa kowane rokoki goma sha biyu a ƙarƙashin fukafukai. Ranar 22 ga Mayu 1969 suka tashi ƙasa-ƙasa, kusa da kan itatuwa, suka afka wa filin jirgin Fatakwal. Daga nan sai Benin da Enugu. Sun lalata jirage da dama tun suna ƙasa. Ashe ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Sai dai ƙarfe ba ya faɗin komai da komai. Idan muka tsaya gaban Ilyushin, girmansa za mu gani, ba za mu ga kasuwanni da asibitocin da bom ya faɗa wa ba, ko matan da suka fita cefane ba su dawo ba. Idan muka tsaya gaban ƙaramin, dabara za mu yaba, mu manta cewa rokokinsa ma mutane suka kashe. An ajiye makamai ranar 15 ga Janairu 1970, bayan an rasa rayuka fiye da miliyan ɗaya, akasari saboda yunwa.

Yau jiragen suna fili, rana da damina suna cin fentinsu, waɗanda suka ga yaƙin da idonsu kuma suna ta ƙarewa. Kafin mu saurari masu kiran a sake gwabzawa a Facebook, ya kamata mu kai 'ya'yanmu su ga waɗannan jirage, sannan mu zauna da kakannin da suka rage mu tambaye su abin da ƙarfen ya ɓoye.