Daga Rumbu zuwa Tiya: Yadda Cimakarmu Ta Sauya cikin Shekara Ɗari

  Tun da muna cikin watan da kowa ke ɗanɗana yunwa, bari mu waiwayi hanyar da hatsi ke bi kafin ya iso ƙwaryar buɗa-baki, jiya da yau.

Kakanninmu sun rayu cikin gandu. Uba da ƴaƴansa da ƙannensa gona ɗaya suke nomawa mafi yawan kwanakin mako, sauran kwanakin kowa ya nufi gamanarsa. In kaka ta yi, a ɗaure damma, a fitar da ɗaya cikin goma na zakka tun a gona, a kai saura rumbu. A Katsinar Maraɗi da Damagaram rumbun kara da zana aka fi yi, a Adar kuwa rufewar ƙasa, wadda har yau matafiyi kan hango a garuruwan jihar Tawa. Hatsi ba a sussuke shi, a zangarniyarsa ake ajiye shi, shawarar da Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya ba mutanen Masar ke nan. Akwai kuma rumbun tsimi, wanda ba mai buɗe shi sai maigida, shi ma sai damina ta ƙi. Dattawa sun gaya mana abin kunya ne gidan mutunci ya ci sabon hatsi alhali babu tsoho a ajiye.

Kada mai saurare ya zaci zamanin duk daɗi ne. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta cinye rumbunan tsimin da masu su, ba mota, ba hanya, ba wanda zai kawo ɗauki daga nesa. Matanmu kuwa su suka biya kuɗin wannan tsari da ƙarfinsu: sussuka, surfe, daka, ɗibar ruwa daga rijiya mai gaba da yawa. A watan azumi uwa kan tashi tsakar dare ta kama taɓarya don furar sahur. Wanda ke zagin injin niƙa, mu dai muna ganin bai taɓa tambayar mahaifiyarsa ba.

Abin da ya fara taɓa rumbu shi ne kuɗi. Nasara sun shigo Damagaram a 1899, suka aza haraji, daga baya suka ƙi karɓarsa da wuri ko hatsi, sai da kuɗinsu. Ga aikin tilas, wanda ba a soke ba sai 1946, yana ɗauke majiya ƙarfi daga gonaki. Don a sami kuɗin bodo sai aka rungumi gyaɗa. Maraɗi ta zama garin gyaɗa, musamman bayan ambaliyar gulbi ta 1945, da aka tashi garin daga fadama zuwa tudu. Gyaɗa ta kawo kwanon rufi da keke da atamfa, ta kai wasu Makka. Amma ta koya wa saurayi cewa gamanarsa na iya ba shi abin da gandu ba ya ba shi, wato kuɗi a aljihunsa. Daga nan gandu ya soma tsagewa, tun uba na da rai ake raba gona.

Farin 1973 da 1974 mun gan shi da idonmu, muna almajirai. Mun ga gidajen da a da ba a fita ƙofarsu da ƙoƙo wofi suna ba mu haƙuri, mun ga jar dawar taimako da aka kawo daga ƙetare. Gyaɗa ba ta sake komawa yadda take ba. Shekara goma bayan nan aka yi ta 1984, wadda mutanenmu suka laƙaba wa El-Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya, sai kuma ta 2005. Ana cikin haka jama'a na ƙaruwa: wajen miliyan 3 lokacin samun ƴancin kai a 1960, fiye da miliyan 17 a ƙidayar 2012. Gonar da ta ciyar da gida ɗaya, yau magada goma ke yanka ta, ba a kuma barin ta ta huta.

To, yanzu ina hatsi ke fitowa? Daga kasuwa, tiya-tiya. Magidanta da yawa a karkara abin da suka noma ba ya kai su bazara. Samari na cin rani a Yamai, Kano, Legas, Abijan, Libiya, su aiko kuɗi, a kira ta salula a ce an tura. Wannan ni'ima ce, don saƙon da a da kan yi wata a hanya yau kafin la'asar ya iso, kuma yunwa ba ta kisa irin na Kakalaba. A birane shinkafar Asiya da taliya sun zauna inda tuwo yake, ƙanƙara ta shiga buɗa-baki. Sai dai rumbun gida bai san tashin farashi ba, tiya kuwa ta san shi, ta fi saninsa ma a watan azumi.

Nan ne muke da magana da ƴan kasuwarmu. Rumbun tsimi bai ɓace ba, ya dai ƙaura daga gidan manomi zuwa mangazar mai kuɗi. Ana sayen hatsi da arha a kaka, lokacin da bashi ya shaƙe manomi, wani ma tun yana tsaye a gona, abin da ake kira a-ci-ba-daɗi, a kulle sai damina ta tsaya a buɗe. Malamanmu na Malikiyya ba su hana ajiya ba, sun hana ɓoye abinci lokacin da yin haka ke cutar da jama'a, sun kuma ba shugaba ikon sa a fito da shi a sayar. Kakanninmu sun yi tsimi don ranar da maƙwabci zai rasa, in ya rasa a ɗebo masa dami, ya mayar da kaka.

A wasu garuruwa jama'a sun haɗa rumbun tsimi na gari, suna saye da kaka, su sayar wa junansu da rangwame. Inda aka sami amintattu ya ɗore, inda aka ci amana ya rushe cikin shekara biyu ko uku. A azumin bara, daren jajibirin salla, mun tarar da manoma a bakin kasuwa, ƴaƴan masu rumbuna, suna layin awon hatsin da za su fitar da zakkar kono da shi.