Asalin Horar da Masu Kula da Ayyuka kan Manhajar Kwamfuta

A shekarar 1957 ne kamfanin DuPont na Amurka, tare da Remington Rand, ya ɓullo da dabarar CPM, wato hanyar gano jerin matakan da jinkirin ɗayansu kan jinkirta aiki baki ɗaya, kuma a wancan lokacin ƙwararru kaɗai ke lissafa ta a katafariyar kwamfutar UNIVAC. Da manhajoji irin su Microsoft Project na 1984 suka fito, lissafin ya sauko teburin mai kula da aiki, sai dai manhaja ba ta san cewa wajibi ne kankare ya yi ƙarfi kafin a ɗora bene ba, sai an shigar mata da wannan sharaɗi. Wannan giɓi ne ya wajabta horo, domin wanda bai koyi danganta matakai ba, zai samu ranar kammalawa ta ƙarya.